Auta da Gwangwanin Sholisho

Ni mai faci ne, ƙanena Auta kuma sholisho yake shaƙa. Duk wanda ya san aikinmu ya san da sholisho muke manne faci. To da Inna ta gane halin da autanta yake ciki, sai ta yanke hukunci a kawo shi rumfata ya kama aiki. Wai zaman banza ne ya lalata shi, wai idona zai kasance a kansa. Na ce mata an ba kura ajiyar nama. Ta ce dama can ba na ƙaunarsa. Gardi da gemunsa, amma a bakinta har yau yaro ne.

Na karɓe shi. Gwangwanin sholishon a aljihuna yake wuni. In zai yi faci, ni ke lakatowa da yatsa in shafa masa a roba, in koma kan wata taya. Ashe ina juya baya yake kwashe rabi da tsumma ya cusa a hannun riga. Da ɗan abin da ya rage yake manne wa mutane faci.

Wani direban bas ne ya tona asirin. Facin ya ɓalle masa a gangara, mota cike da mutane, Allah ne kawai ya tsare. Ya wanke ni tas a gaban jama'a. Gaskiyarsa ce.

Ƙanwata mai ɗinki ta ce a babban asibiti akwai sashen da ake duba irinsu. Ta tara mu a ɗakin Inna, ta ce ba zagi, ba tsawa, kowa ya faɗi abin da idonsa ya gani. Da ta zo kan tsawa ni ta kalla. Aka zauna, Auta na bakin ƙofa yana wasa da igiyar labule. Inna ta buɗe baki ta ce mura ce ke sa idonsa ja, kuma ɗanta ba mahaukaci ba ne da za a kai shi can. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Kafin in gama faɗa, Auta ya sulale.

"Yaya, da baki tiyub ne, da naka za a fara yi wa faci," in ji mai ɗinkin.

Da safe ya zo rumfa kamar ba a yi komai ba. Na ɗauko tiyub ɗin da ya yi wa faci jiya, na hura, na miƙa masa, na nuna masa bahon ruwa. Ya danna da hannunsa. Iska ta fara fita bul-bul ta gefen facin. Ya daɗe a tsugune yana kallo.

"Yaya, in dai ina jin warinsa ba zan iya bari ba."

Na ce to tashi mu tafi asibiti. Ya ce sai in Inna ta faɗa da bakinta, shi ba zai sa ta kuka ba.

Na ja shi har gida. Inna ta ce a bari sai gobe. Na zauna a tabarmarta na miƙe ƙafa, na ce rumfa a rufe take, kuma ba ni buɗe ta. Na ba ta labarin bas ɗin nan, har da matan da ke ciki da goyo. Wannan karon a hankali na faɗa. Ta yi ta ninke zanen da yake a ninke. Can ta ce, fuskarta na kallon bango:

"Tashi ka bi yayanka."

Muka isa asibiti rana ta take. Muka bi layi, aka tura mu wannan taga, aka tura mu waccan. Daga ƙarshe wata ma'aikaciya ta ce likitan sashen sai ranar Laraba.

Ranar Asabar ce. Na dubi Auta, yana ta zufa. Rumfa ba zai koma ba, gida kuma Inna za ta iya sake tunani. Na riƙe shi a wuyan hannu muka nufi gidana, na ce a ɗakina zai zauna har Larabar. Masu taya su nemi wani.