Kaset Ɗin da Zai Juya Sau Ɗaya

Morishita mai shago ya ɗaga murfin kaset ɗin da babban yatsa, ya kai shi ƙarƙashin fitila, ya ja tsaki.

"Uwargida, a ina kika ajiye wannan? A rijiya?"

"A ma'ajiyar katifu," in ji Setsuko. "Kuma ba ni na ajiye ba. Maigidana ne ya cusa shi bayan barguna, sai makon jiya na gan shi."

Shagon yana ƙarshen wani lungu a unguwar Nipponbashi ta birnin Osaka, matsattse kamar akurkin kaji, an jibge tsofaffin na'urorin bidiyo har rufi. Setsuko ta shigo ne da takarda a hannu. 'Yarta Chiharu ce ta aiko mata daga Nagoya da sunan wata 'yar na'ura da ake sokawa a jikin kwamfuta, wai da ita za a kwashe abin da ke cikin kaset cikin minti kaɗan. 'Ya'yan yanzu ke nan, komai a wurinsu dannawa ne. Ranar Lahadi za a yi wa marigayi maigidanta Shigeru addu'ar shekara, kuma Chiharu tana so a nuna wa dangi bidiyon.

Hotunan Shigeru kam suna nan da yawa, a kowanne ya ƙame kamar soja. Abin da Setsuko ba ta da shi muryarsa ce. Shekara shida da rasuwarsa, ta fara kasa tuno yadda take, kuma wannan ya fi komai ci mata rai.

Morishita ya karanta takardar, ya mayar mata.

"Ina da ita, ga ta can a rataye. Amma ba zan sayar miki ba."

"Kai wane irin ɗan kasuwa ne?"

"Irin wanda ba ya son a dawo a zage shi. Wannan abar, hoto yana ɗan girgiza sai ta ɗauke, ta ba ki shuɗin allo, ta haɗiye sautin ma. Kin ga farin nan a jikin zaren? Fumfuna ce, damina talatin ta sha. Ga shi maigidan naki ya ɗauka da tafiyar nan ta a hankali mai kai kaset awa shida don kada kaset ya ƙare."

"Shi ne kuwa. Ko ganyen shayi sai ya jiƙa shi sau uku."

Ya ce zai goge zaren a hankali, amma kada ta sa rai da yawa. Irin wannan, da ya bi ta cikin na'ura sai fatarsa ta soma ɓarewa. Juyin farko za a samu, na biyu kuwa babu tabbas.

Ta zauna kan wata kujerar ƙarfe, ta ciro alewa daga jaka ta ajiye masa a gefen tebur, kamar yadda kowace dattijuwar Osaka za ta yi. Ya fi awa ɗaya yana murɗa zaren da hannu yana shafawa da ɗan ƙyalle. Da ya gama sai ya dafa na'urori biyu.

"To, zaɓi ya rage naki. Wannan baƙar tana daidaita hoto ya tsaya cak, amma a irin kaset ɗin nan sautin zai fito kamar mai magana cikin bargo. Wannan mai ruwan tokar kunnenta garau yake, sai dai hoton zai yi ta rawa. Na ga an rubuta ranar wasannin makaranta a jikin kaset ɗin. Kowa baƙar yake ɗauka, don ya ga ɗansa yana gudu."

"Sa mai ruwan tokar."

"Uwargida, ki yi tunani. 'Yarki fa fuskarta take son gani."

Setsuko ta yi dariya har ta rufe baki da hannu.

"Wace fuska? Ba ta ciki."

Sai ta ba shi labari. Ran nan tun da asuba Shigeru ya je ya bi layi a ƙofar makaranta tare da sauran iyaye maza, don ya kama wuri a bakin fili. Yara kuwa duk farar riga, duk jar hula, duk tsayi ɗaya. Aka busa usur, ya ɗora kyamara kan wata yarinya ya bi ta tun daga farko har ƙarshe, ashe 'yar mai sayar da awara ce. Ita Chiharu tana aji ɗaya lokacin, ba ta san an yi ba. Setsuko ce ta yi ta tsokanarsa a gaban baƙi har ya ji haushi, kaset ya ɓace daga gidan. Yanzu tana da-na-sanin tsokanar nan.

Morishita ya jawo mai ruwan tokar. Ya haɗa wayoyi, ya danna ɗauka a kwamfuta, sannan ya tura kaset.

Allon ya yi ta zane-zane, sai ga fili, ga tutoci, komai yana karkarwa. Wata yarinya mai jar hula ta fito da gudu. Muryar namiji ta cika shagon, kusa sosai, har ana jin numfashinsa.

"Chiharu! Haka ne! Ɗaga ƙafa, 'yar Baba! Ku gan ta, tawa ce!"

Setsuko ta riƙe gefen tebur. Ashe muryar ta fi yadda take zato kauri, ga 'yar dishewa a ƙarshen kowace kalma. Sai kuma wata murya ta shigo, ta mace, mai kaifi, wadda sai da ta ɗan jima kafin ta gane tata ce.

"Baban Chiharu, ba ita ba ce! Ga taka can baya, takalminta ya fita!"

Hoton ya kife, ya nuno sama, ya nuno ƙasa. Duk shekarun nan Setsuko ta ɗauka a nan ne ya fusata. Amma abin da ya biyo baya dariya ce, doguwa, irin wadda ke sa shi tari.

Morishita ya kai hannu zai gyara hoton.

"Bar shi haka," in ji ta, idonta a rufe. "Bai gama ba."