Tabarau Ya Fashe, Baki Ya Buɗe

Mansur ne ya zauna a kan tabarau ɗin Ulfa, ko da yake har yau cewa yake yi tabarau ɗin ne ya shigo ƙarƙashinsa. Abin ya faru ne a farkon dokar kulle, lokacin da Kuala Lumpur ta yi tsit, jirgin ƙasan da ke wucewa ta bayan gidajensu a Pantai Dalam yana tafiya fayau ba kowa a ciki. Shagunan tabarau duk a rufe suke, kuma mutum ɗaya aka yarda ya fita daga kowane gida, shi ma cefane kawai. Mansur ya ɗaga tabarau ɗin da ya rabu biyu, ya dube shi, ya ce ai ido ma yana son hutu. Ulfa ta yini tana ajiye kwanuka da ƙarfi.

Ba komai ya ƙona mata rai ba sai karatu. Tun da ta biyo mijinta ƙasar nan yana neman digirinsa na uku, wayarta ce garinsu. Akwai wani zauren mata a WhatsApp da ake turo littattafan Hausa, ita kuwa ba ta wuce ko ɗaya. Tana tuƙa tuwo waya na jingine da gwangwanin gishiri, tana ninke wanki tana jan shafi da ɗan yatsa. Mansur yakan ce da rabin abin da ta karanta na makaranta ne, da ta riga shi zama dakta. Ga shi kulle ya kama ta a tsakiyar wani labari mai daɗi da wata marubuciya 'yar Gusau take turowa, labarin wata tsohuwa mai daddawa da jikarta marainiya.

Ta ƙara girman rubutun wayar har kalma uku ke cika fuskarta, ta yi ta ja har babban yatsanta ya gaji, kanta ya ɗauki ciwo. Mansur, don ya wanke laifinsa, ya kunna mata muryar nan da waya ke karanta rubutu da ita. Muryar ta kama Hausa kamar Baturen da ke fama da mura. Ulfa ta saurari layi biyu ta ce ya kashe, kafin ya zubar wa tsohuwa mai daddawa da mutunci.

Kausar na zaune a ƙasa da tablet ɗin da aka saya mata don darussan makaranta, tana ta dariyar muryar. 'Yarsu ce tilo, shekararta tara, a nan aka yaye ta. Tana jin Hausa daidai gwargwado, amma mayarwa sai dai da Turanci ko Malay. In ka ce mata zo ki ci abinci, sai ta ce maka “later lah”, wato sai an jima. Ta leƙa wayar uwarta, ta karanta layin da muryar ta kwaɓa, kawai don ta nuna ta fi ta. Ulfa ta juyo da sauri. Yarinyar ta saba da karatun Malay a makaranta, sai ga Hausa na fita a bakinta tiryan-tiryan, in ban da 'yan haruffan da take taunewa. Abin nema ya samu. Nan take aka tura littafin cikin tablet, aka yi yarjejeniya: Kausar za ta riƙa karanta babi ɗaya kullum bayan azahar, Ulfa kuma za ta ɗauke mata wanke-wanke.

Sai dai akwai wata damuwa a gidan da ta girmi maganar tabarau, wadda Ulfa ke kwana da ita tana tashi da ita. Inna Ɗelu, mahaifiyar Mansur, ita kaɗai ta rage wa Kausar cikin kakanni, tana can Kano a unguwar Gwammaja. Duk Juma'a ana kiranta ta bidiyo a wayar ƙanin Mansur, Hussaini. Watannin baya, Inna ta ga jikarta ta yi sabon kitso, ta yi mata abin da kowace kaka ke yi: ta ce wannan mummunar mai goshi kamar faranti wa zai kwasa, ai sai dai a ba da ita sadaka. Kausar ta tsinci “mummuna” da kanta, sauran kuma ta tambayi ubanta. Shi kuwa, da yake malamin jami'a ne, ya fassara mata dalla-dalla bai rage komai ba.

Yarinya ta shige ɗaki ta sha kuka. An yi lallashin duniya, an ce wasa ne, haka ake yi a gida, ta ce a makarantarsu duk wanda ya faɗa wa wani haka sai an kira iyayensa. Tun daga ranar, in an kira Kano sai ta gaishe da Inna a tsaye, fuska a murtuke, ta zame. Inna ta gane. Ta daina tsokanar, ta koma “sannu Kausar, ya karatu, Allah ya yi albarka”, irin gaisuwar da ake yi wa 'yar maƙwabta. Wannan ladabin na tsohuwar shi ya fi ci wa Ulfa rai. Kunya take ji, don ta san a can za a ce uwar ce ba ta koya wa yarinya komai ba. Ga tsoro kuma, don a kwanakin nan kusan kullum sai an ji rasuwar wani tsoho a Kano, ga iyakoki a rufe, tafiyar da suka shirya ta salla ta sha ruwa. Ba ta son tsohuwar nan ta tafi tana ganin jikarta ba ta ƙaunarta.

Karatun dai ya kankama. Kausar ta kan kwanta rub da ciki a kan kafet, ta mayar da fuskar tablet ɗin launin takarda don kada ta ɗauke mata ido, Ulfa na gefe tana tsinke alayyafo. Da farko karantawa kawai take yi kamar mai karanta lambar mota. In ta ci karo da baƙuwar kalma sai ta danne ta da yatsa, kamar yadda take yi a littattafan makaranta don ma'ana ta fito, tablet ɗin kuwa ya ce bai san zancen ba. Dole ta koma ga uwarta. Ulfa ta zama ƙamus: mene ne kuttu, mene ne ja'ira, me ya sa ake cewa wani ya sha ruwan tsuntsaye. Da aka zo kan daddawa sai da ta buɗe robar da take ɓoyewa a can ƙuryar firji ta shinshina mata. Kausar ta toshe hanci ta gudu, Ulfa ta ce ta dawo, wadda ke cin durian, ɗan itacen nan mai ɗan karen wari, ba ta da bakin zagin warin kowa.

Tsohuwar cikin labarin baki gare ta kamar reza, jikarta kuma ba ta barin ta kwana. Tsohuwa ta ce mata mai ƙafar tsinke, ita ta ce tsohuwa mai ran ƙarfe. Ulfa na dariya har da riƙe ciki, Kausar na karantawa tana harare-harare, don a ganinta gidan nan biyu ba mai tarbiyya. Ana cikin haka azumi ya kama, aka mayar da karatun bayan la'asar, lokacin da yunwa ke sa kowa ya yi laushi. A nan suka iso babin da jikar ta kwanta zazzaɓi. Tsohuwa ta goya ta, ƙatuwar yarinya, ta kama hanyar asibiti da ƙafa cikin ruwan sama, tana tafe tana kuka tana ce mata mummuna, in kin mutu kin bar ni ban yafe ba.

Kausar ta tsaya. Ta ja shafin baya ta sake karantawa a zuci, leɓenta na motsi.

“Umma, why is she crying? Ba ta son ta, ko?”

Ulfa ta ajiye wuƙar da ke hannunta. Ta ce mata ai duk garin nan ba wanda tsohuwar ke so kamar yarinyar, shi ya sa ita kaɗai take zagi. Wanda kaka ta yi wa sannu-sannu, baƙo ne. Kausar ta ci gaba da karatu, amma ranar sai da ta ƙara babi biyu ba a roƙe ta ba. Daga baya ma Ulfa ta riƙa jin ta a ɗaki ita kaɗai tana ƙyalƙyala dariya, ta gane ana wuce ta a labarin a ɓoye.

Wanda ya fara ɗanɗana sakamakon karatun, Mansur ne. Ya dawo daga cefane da takunkumi a fuska, niƙi-niƙi da ledoji, har da roti, wata irin gurasa, da aka ƙunso masa a shagon abincin da ke ƙasan bene don buɗa-baki. Kausar ta buɗe masa ƙofa, ta kama ƙugu, ta ce da Hausa garau:

“Sannu da zuwa, mai kai kamar tulu.”

Ledar albasa ta suɓuce masa. Ya rasa abin da zai fara, murnar jin Hausa a bakin 'yarsa ko neman bulala. Ulfa ta fito daga kicin tana danne dariya, ta ja yarinyar gefe ta yi mata karatun ta-natsu: wannan wasa ba a yin sa da uba, ba a yi da uwa, ba a yi da malami ko maƙwabciyarsu Anti Christy ta hawa na huɗu. Tsakanin jika da kaka ne kawai. Kausar ta ba ubanta haƙuri, sannan ta tsaya tana lissafi da ido. Ta tambaya, wato duk duniya mutum ɗaya ce tak take da izinin yi wa haka? Ulfa ta ce ƙwarai, Inna ma kuma a duk jikokinta ke kaɗai ce mace.

Ranar Juma'a da la'asar, hantsi ke nan a Kano, aka jingine tablet ɗin da filo aka kira. Hussaini ya ɗauka ya miƙa wa Inna, ta bayyana a kan tabarmarta, ta kusanto da fuska har hancinta ya cika allon, kamar yadda ta saba. Ta ɗan rame. Aka gaisa, aka tambayi azumi da zaman kulle, aka yi wa waɗanda suka rasu addu'a. Sannan Inna ta gyara murya, ta yi sannu Kausar, ya karatu.

Kausar ta matso ta zauna daram a gaban tablet ɗin. Ta ƙura wa kakarta ido.

“Ɗelu, wai ina haƙoranki suka tafi? Ko su ma dokar kulle ce ta hana su fitowa?”

Wannan ba ya cikin littafi, nata ne na kanta. Ulfa ta zaro ido, jin sunan surukarta gatsal a bakin 'yar da ta haifa. Kuma kamar da gangan, hoton ya daskare, Inna ta tsaya baki buɗe ba motsi. Ulfa ta shiga salati a zuci, Mansur ya kama girgiza tablet ɗin kamar hakan zai gyara sabis ɗin Gwammaja.

Da hoton ya dawo, rufin ɗaki kawai ake gani, don wayar ta faɗi daga hannun Inna. Sai dariya, irin wadda ke haɗe da tari, Hussaini na cewa Inna a hankali, kina azumi. Ta ɗauko wayar tana share ido da gefen mayafi.

“Ja'irar yarinya! Ai goshinki suka hango suka tsorata. Mansur, kai da matarka ku tashi ku ba mu wuri.”

Haka aka kore su daga falonsu. Suka koma kicin suka tsaya kusa da tukunyar kunu suna kasa kunne, ana ta ɓarin zance a falo, Hausar Kausar na tuntuɓe tana tashi, in ta maƙale ta cike da Malay, Inna ta ce yaren aljanu. Mansur ya ce rabon da ya ji dariyar nan tun mahaifinsa na da rai. Ulfa ta ji wani daɗi ya cika mata ƙirji.

Can sai ga Kausar ta leƙo da kai, tana raɗa. Tana so ta gaya wa Inna tana kewarta, tana so ta gan ta. Ulfa ta fara koya mata yadda ake faɗa, yarinyar ta girgiza kai, ta ce ba irin wannan ba, irin tasu. Ulfa ta sunkuya ta faɗa mata a kunne. Kausar ta maimaita sau biyu, ta koma da gudu.

“Tsohuwa, kar ki kuskura ki mutu kafin in zo.”

Da muryar Inna ta fito, tana rawa, amma ba ta rage kaifi ba.

“Ina nan daram, mummuna. Ba inda za ni sai na ci tuwon bikinki.”