Tiyar Motar Alhaji Maitama

Shekara goma sha tara Malam Mati yana jan Alhaji Maitama, babban ɗan kasuwar hatsi a Funtua. Motoci uku suka tsufa a hannunsa. Ta huɗun ita ce wannan 'yar Kwatano mai ruwan toka, wadda ta ci ƙuruciyarta a ƙasar Turawa kafin ta zo ta san ramukan hanyar Dandume. A bayan sitiyarinta akwai wani ɗan allo mai koren lambobi, amma Mati bai taɓa ba shi muhimmanci ba. Shi allurar mai yake kallo, kuma ya san motar kamar yunwar cikinsa. In an loda masara a but, ko an kutsa taɓon damina, ya san za ta nemi ƙari.

To, tun da aka cire tallafin mai, fetur ya zama abin da mai mota ke kallo da ido biyu. Ana cikin haka Talha, babban ɗan Alhaji da ke aiki a Kaduna, ya zo hutu. Ya shiga gaban motar, ya daddanna wani maɓalli, lambobi suka juya.

"Baba, ka ga wannan? Motar da kanta take faɗin abin da take sha. Lita takwas a kilomita ɗari."

Alhaji bai yi boko ba, amma mutumin da ke ƙidaya buhu dubu da ka ba ya buƙatar biro. Ya auna tafiye-tafiyen sati da man da ake zubawa. Sai ya ga ana zuba lita uku a kan kowace takwas, ba su da mazauni.

Bai ce wa Mati ɓarawo ba, da ma manya ba sa faɗa kai tsaye. Ranar kasuwa ce, a rumfarsa, gaban masu awo da dillalai, ya yi hamma ya ce, "Ni dai motata baki biyu gare ta. Na inji na san shi. Ɗayan ne ban san inda yake zubawa ba."

Aka yi dariya. Wani dillali ya ce, "Malam Mati, ashe kana da tiyo a aljihu?" Kafin la'asar sunan ya bi shi har bakin masallaci: Mati Mai Tiyo.

Abin ya yi wa Mati ciwo. Aikin bai dame shi ba, don mai hannu a sitiyari ba ya rasa ta tuwo a Funtua. Amma mutumin da ya yi furfura ana ba shi ajiyar jakar ciniki ba a ƙirga, a ce yau yara na nuna shi da baki? Ya kwana biyu yana juya maganar. Abin da ya fi cin ransa shi ne bai san yadda ake gardama da allo ba. Mutum in ya yi maka ƙazafi sai ka ce ya rantse. Allo kuwa ba shi da hannun dafa Alƙur'ani.

Rana ta uku da hantsi ya ajiye makulli a kan tabarmar Alhaji.

"Alhaji, abu ɗaya nake roƙo. Mu je gidan mai, a cika tanki taf a gabanka. Mu je Malumfashi mu dawo, kana zaune. Ko fitsari zan yi, makullin na aljihunka. Mu dawo famfon da muka sha, a sake cikawa. Abin da ta karɓa shi ta sha."

"Haba Mati, wasa ma ba a yi da kai?"

"Wasan da aka yi a kasuwa, Alhaji, ba ya komawa gida shi kaɗai."

Talha ya biyo su. Aka cika har mai ya leƙo a bakin tanki, Talha ya mayar da lambobin allon sifili. Suka bi ta Bakori, dawa ta yi kai a dama da hagu, auduga ta fara buɗe ido. Mati na tuƙi a natse, ba gudu ba birki. Alhaji a baya yana jan carbi, amma rabin idonsa na kan allon. Babu mai magana sai Talha da ke cewa, "Baba Mati, ka ga ma ta sauko bakwai da ɗigo tara." Mati ya ce, "Allah ya ƙara mata sauƙi."

A Malumfashi suka yi azahar, Alhaji ya taya waken suya bai saya ba, suka juyo. Zuwa da dawowa kusan kilomita ɗari ne. Allo ya tsaya a kan takwas.

Mai famfo ya saka bututu. Takwas ta wuce. Tara ta wuce. Alhaji ya sauko ya tsaya da hannu a baya, kamar yadda yake tsayawa a kan mai awon da bai yarda da shi ba. Sai da aka kai sha ɗaya man ya leƙo.

Talha ya sosa ƙeya. "To ko tankin na yoyo ne?"

"Mu je wajen Mannir," in ji Alhaji, muryarsa ta yi ƙasa.

Mannir bakanike shi ke duba motar tun zuwanta. Ya leƙa ƙasa, ba ɗigo. Ya buɗe bonet, ya goge wasu ƙarafa huɗu da tsumma, sai ya fashe da dariya.

"Alhaji, ka manta? Shekara uku ke nan da nozul ɗinta suka mutu, su ne masu fesa wa inji mai. Na ce a kawo nata na asali, ka ce tsada, a samo na hannu a kasuwar Panteka. Waɗanda aka samo na babban inji ne, bakinsu ya fi faɗi. Ita ƙwaƙwalwar mota ba ta ganin mai da ido. Buɗewar bakin take lissafawa, tana zaton bakin da aka haife ta da shi ne. Ga tsufa kuma."

Talha ya fara wata tambaya, uban ya ɗaga masa hannu. Shi ya riga ya gane, don a wannan ya tsufa. Ka sa mutum ƙidayar tiya, ya ƙidaya tsakani da Allah, arba'in cif a buhu. Amma in an sauya tiyar da mai zurfi ba a gaya masa ba, arba'in ɗinsa gaskiya ce, buhun kuma ƙarya.

"Wato ni na sauya tiyar," ya ce.



A hanyar gida Alhaji ya ce, "Mannir ya samo baƙin salatif a liƙe allon nan. Maƙaryaciya."

Mati ya girgiza kai. "Bar ta, Alhaji. Abin da aka koya mata tana yarinya take faɗa. Ba wanda ya koma ya gaya mata duniya ta canza."

A ƙofar gida ya kashe mota ya miƙa makulli. Alhaji ya ƙi karɓa.

"Riƙe abinka. Magana ta wuce."

"A nan ta wuce, Alhaji. Mu uku muka ga famfo. Mutum nawa ne a rumfa ran nan?"

Ya ɗora makullin a kan kujera, ya yi sallama, ya tafi gida da ƙafa.

Ranar kasuwa ta zagayo. Alhaji ya zo rumfa a Keke Napep, babbar riga duk ta yamutse, abin da ba a taɓa gani ba. Ya aika aka kira Mati. Sai da ya bari masu awo da dillalai suka cika, har da mai maganar tiyo, sannan ya ɗauki tiya ya ɗaga sama.

"Jama'a, satin jiya na yi awo da tiyar da ni na lalata da hannuna, na ɗora wa bawan Allahn nan gibin. Na gano bakin motata na biyu. Rowata ce."

Wannan karon ma an yi dariya, amma ba da Mati ake ba. Alhaji ya jefa makullin cikin tiyar ya miƙa masa da hannu biyu.

Mati ya daɗe yana kallonsa. Shekara goma sha tara, a ransa ya ce, kuma sai da famfon gidan mai ya yi masa shaida. Ya sa hannu ya ɗauka.

"Gobe Tsiga za mu," in ji Alhaji. "Lita nawa za ta sha?"

"A tambayi allo mana."

"Kai nake tambaya, Malam Mati."