Rabon Tsohuwa a Batir

Bayan la'asar ne, ruwa ya ɗauke amma hadari bai watse ba. Tabkin da ke bayan madatsar garinmu ya yi tsit, ko kwaɗo ba ya kuka. Ina durƙushe cikin kwalekwalen Baba Rabo masunci, ɗansa Alƙasim yana tsaye a gaɓa. Shi ya saya wa mahaifin nasa batir da fano mai ɗaukar wutar rana da ɗan injin tuƙi, shi kuma ya kira ni in ɗaura kontar da ke nuna wutar da ke fita, don batirin yana saurin mutuwa.

"Sufyanu, ka kama mini ɓarawon wutar," in ji Alƙasim. "Ko mi ne ne, yau a yanke shi."

Aikin ba wuya. Kontar tana da wani ɗan ƙarfe mai ƙusa biyu, ni gada nake ce masa. Kowace baƙar waya sai ta bi ta kansa kafin ta kai batir, wadda ba ta bi ba kontar ba ta ganinta. Na tattara su duka na ɗaure, na kashe inji da fitila. Ya kamata in ga sifili.

Ban gani ba. Lambar tana hawa a hankali, ta tsaya, ta sauka, ta sake hawa, kamar numfashin mai barci.

Sai na bi wayoyin da hannu. Akwai wasu sirara biyu a murɗe, sun bi ƙarƙashin katako, sun fita ta gefen da ba a gani daga gaɓa, sun nutse. Na ja kaɗan. Aka ja daga can ƙasa, ba da ƙarfi ba, yadda akuya ke jan igiya.

Baba Rabo yana zaune a gindin jirgin yana gyaran koma. Bai ɗago ba, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Bari, ɗana. Na Tsohuwa ne."

"Wace tsohuwa, Baba?"

"Wadda ke gindin gawon da ruwa ya ci lokacin da anka yi madatsa. Tun kakanni, abin da duk ya shigo gidanmu sai an fidda mata nata. Hatsi, nono, har gishiri. Ina salla, Allah shaida. Amma da wuta ta shigo gida, in ci ni kaɗai? Ƙwan fitila guda na saukar mata."

"In an yanke fa?"

"Ba ni ƙara hawa ruwan ga. Wa ke shiga gidan mutum hannu sake?"

Alƙasim ya gaji da tsayuwa. "Malam makaniki, ko gonar gero kake nomewa a ciki?"

Na jawo wayar a ɓoye. Wannan karon ta taho ba gardama. Ƙwan ya daɗe da fashewa, sai gindinsa da ya yi kore da tsatsa. Yana hannuna, a waje da ruwa, lambar ba ta bar hawa da sauka ba.

Na dubi tsohon. Ya ajiye komar, ya zuba mini ido.

Ina da ƙwan fitila ƙarami a aljihu, irin marar cin wuta. Na ɗaura shi, na naɗe da roba, na mai da shi ruwa a hankali. Sannan na kwance baƙar siririyar daga kan gada, na ɗaure ta kai tsaye a jikin batir. Kontar ta faɗi sifili.

Alƙasim ya leƙo. "To, mi ne ne?"

"Wata waya ce ba ta zauna wurinta ba. Ku riƙa share fano kullum, yaya, batirin zai kai ku ya maido."

Ya kaɗa kai ya nufi gari. Baba Rabo ya jefa koma cikin jirgi ya ɗauki gora. Na tura masa jirgin har ruwa ya kai mini gwiwa. Can ƙasa wani ɗan haske yana bin sa.