Mai Rumbu ke da Baki

Shekara da shekaru Lawwali ne sarkin gayya a Kamarawa. In gobara ta ci wani ko katanga ta faɗi, shi ke sa a buga ganga, jama'a su fito da fartanya da kwando. Amma daminar bana, da ruwa ya ci rabin gari, sunan Yero ne a bakin kowa. Makiyayi ne da 'yan bindiga suka koro daga Gatawa da mutanensa, shi ya ɗaura wa shanunsa amalanke ya yini yana kwashe tsofaffi da yara.

Har Kadijatu matar Lawwali ta kama waƙar.

"Ai Yero ɗan albarka ne, Malam."

"To, ni kifi nis shiga kamu ran nan ko?" in ji Lawwali, ya ture ƙwaryar fura.

Da samari suka ce a sake zaɓen sarkin gayya kafin a soma gyaran gidaje, ya san in 'yan Gatawa suka ɗaga hannu, ya sauka. Bayan la'asar aka taru a ƙofar masallaci, ya miƙe yana gyara hula.

"Jama'a, tun kakanninmu mai rumbu tsaye cikin gari shi ad da baki ga gayya. Wanda ba shi da shi, shi yi kallo."

Tsoho Alhassan mai unguwa ya gyaɗa kai. "Haka munka taras. Tsaye kac ce?"

"Tsaye."

Sai Abbas taubashin Lawwali ya tuntsire da dariya. "To kai naka ina shike? Na gane shi bisa ruwa ya nufi garin Isa, ko kuɗin mota bai biya ba!"

Wuri ya kaure. Rumbunan 'yan gari duk a gefen fadama suke, ruwa ya narkar da su. Waɗanda suka tsira na tudun marmara ne, wurin da Lawwali da bakinsa ya ce a ba baƙi don ba mai so.

Yero ya durƙusa. "Baba Lawwali, ba mu yin zaɓe ku kuna kallo. Gobe za ni kawo shanu mu ta da naka, sannan na kowa. In sun tsaya sai a yi."

"Allah shi yi ma albarka, Yero!" in ji wani cikin taro. Har tsofaffin da Lawwali ke taƙama da su suna amsa amin. Da zagi ne, da ya san abin da zai mayar.

Da safe ya ji ganga na tashi, ba wanda ya tambaye shi. Ya daɗe a zaure yana sauraron muryar Yero na raba wa mutane aiki a tsakar gida. Can ya naɗe wando, ya fito ya tambayi inda ake kwaɓa ƙasa.