Allon da Bai Lotsa ba

Na'Allah mai walda ba mugu ba ne, wannan kam duk Illela za ta shaide shi. Amma tun ranar da ƙanensa Zaharaddini ya dawo daga Sakkwato da wani naɗaɗɗen farin ƙyalle da jarkar gam mai warin tsiya, ƙyashi ya shige shi ya ƙi fita.

Shekara ashirin da biyu Na'Allah yana yi wa amalanken jakai daɓen ƙarfe. Duk amalanken da ke kwaso albasa daga Amarawa da Garu, da hannunsa a jiki. Shi ya riƙe Zaharaddini bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi makarantar koyon sana'a. To ga shi ya dawo da gemunsa, ya kafa tebur a gefen rumfa, yana shimfiɗa saƙaƙƙen zaren gilashi falle a kan falle, yana shafe kowanne da gam, har su daskare su zama allo. Wai sunansa faiba. Mutum ɗaya ke ɗaga allon da hannu guda, alhali farantin Na'Allah sai ƙarti biyu sun yi nishi.

Sai jama'a suka fara cika rumfar, amma fa ba wurin Na'Allah ba. Su yi masa sallama a tsaitsaye, su wuce teburin ƙanen suna shafa allo suna "ikon Allah!" Na'Allah ya riƙa ƙara wutar walda don ƙararta ta danne surutunsu. Abin na cinsa sosai, kuma ya san ba shi da kyau, sanin bai rage masa komai ba.

Ran nan Alhaji Idi, shugaban 'yan amalanke, ya zo da kansa. Amalanke arba'in ake so a sake wa daɓe kafin kakar albasa, aikin da kullum na Na'Allah ne ba tambaya. Alhaji ya ɗaga allon, ya juya shi, ya ce, "In wanga abu ya ɗauki buhu goma ranar Lahadi gaban jama'a, aikin bana naka na, Zaharaddini. Jakanmu sun gaji da jan ƙarfe." Sannan ya waiwayo yana dariya. "Na'Allah, ka raini wanda ya fi ka!"

Na'Allah ya yi yaƙe ya ce alhamdu lillahi. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Ranar Asabar da hantsi Zaharaddini ya tafi cikin kasuwa sayen noti, ya bar allon gwaji a kan turaku biyu. Na'Allah ya daɗe yana hararar sa. Bai yi niyyar ɓarna ba, haka dai ya gaya wa kansa, so yake kawai ya ga ƙaryar abin. Ya ɗauko babbar gudumarsa, wadda yake miƙe ƙarfen gatarin amalanke da ita, ya zuba wa tsakiyar allon sau uku da iya ƙarfinsa.

Gudumar ta yi tsalle ta dawo. Ya duƙa ya duba, ya shafa da tafin hannu, ya karkata shi a rana. Ko lotsawa bai yi ba! Da farantinsa ne, da tuni ya yi rami kamar kwanon sha. A sanin Na'Allah, abin da bai lotsa ba bai ji duka ba, haka ƙarfe ya koya masa tun yana saurayi. Ya mayar da guduma, ya zauna, baƙin ciki kamar ya kashe shi. Ashe abin ma da gaske yake.

Lahadi kasuwa ta cika har da mutanen Ƙonni. Aka ɗaura allon a amalanke, 'yan dako suka fara lodi, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi. Buhu biyar, allo ko gezau. A na bakwai aka ji wani ƙas-ƙas daga ciki, irin na busasshen kara in an taka shi. Zaharaddini ya ɗaga hannu zai yi magana, amma an riga an jefa na takwas. Tsakiyar allon ta yi fari, ta lanƙwashe, ta ɓalle. Albasa ta watse har ƙarƙashin motoci, zaruruwa suka yi tsaitsaye a bakin karayar kamar gemun masara.

Aka kwashe da dariya. Wani ya ce a mayar wa mata su yi tabarma da shi. Na'Allah kuwa daɗi ya ji, daɗi na gaske, na ɗan lokaci, kafin ya tuna da gudumarsa.

Zaharaddini bai kula kowa ba. Ya durƙusa, ya ciro kwandalar sefa daga aljihu, yana ƙwanƙwasa ɓallen allon yana kasa kunne. Gefe-gefe ƙarar na fita tas. Wuri uku a tsakiya kuwa sai ta mutu, dum, dum, dum. Da ya miƙe bai dubi yayansa ba.

"Mi ya faru?" in ji Alhaji Idi.

"Laifina na, Alhaji. Gam bai ratsa tsakiya ba. Ku ba Yaya aikin, ƙarfe bai ba ku kunya."

Haka aka yi. A nan take Alhaji ya kama hannun Na'Allah, aikin amalanke arba'in ya dawo gida.

Bayan la'asar su biyu suka rage a rumfa. Zaharaddini ya ajiye ɓallen a gaban yayansa, ya sa farce ya ɗaga falle ɗaya, ya rabu da na ƙasa ba gardama.

"Yaya, shi wanga ba kamar ƙarfe ba ne. Ƙarfe in ka buge shi, nan take ya nuna maka. Shi ko cikinsa yake ajewa. Gam ya tsattsage, falle ya saki falle, sama kuma sumul. In kaya sun hau, kowane zare shi kaɗai yake ɗauka, sai su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya."

Na'Allah ya ƙura wa ƙasa ido. Jira yake a zage shi, ko a yi masa kuka, da ya samu bakin faɗa. Wannan haƙurin ma haushi ya ba shi. Ina yaron nan ya samo shi, shi da ya raine shi bai da irinsa?

"Ban faɗa wa kowa, wallahi," in ji Zaharaddini. "Abu guda nike so in sani, don in san falle nawa zan ƙara a na gaba. Da wace guduma? Babbar ko ƙaramar?"

In babbar ce, to allonsa ya yi abin da farantin ƙarfe bai taɓa yi ba, ko da duk kasuwa ta yi masa dariya. Na'Allah ya gane haka sarai, ya kuma ga yadda ƙanen ya zuba masa ido yana jira.

"Ƙaramar," in ji shi.

Zaharaddini ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "To. Ashe da sauran aiki." Ya kwashe ɓallen ya koma teburinsa.