Gyaɗar Baba Kolo

Mai adaidaita bai gama tsayawa ba Barau ya zura hannuwa ya tallabo tsohon. Bai yi zaton zai ji shi sakayau haka ba, kamar damin harawa. Matar tsohon, Iya Kellu, ta sauko ta ɗaya gefen da ledar magani a hannu, ta ce likita a Gaya ya ce a dawo da shi gida a ci gaba da addu'a. Duk wanda ke tsaye a wurin ya gane abin da ake nufi.

Baba Kolo ya ce ba zai kwanta a ɗaki ba, a shimfiɗa masa a zaure inda zai riƙa jin motsin mutane. Barau ya kwantar da shi tsakanin naɗaɗɗun tabarmi da ƙullin kayan baƙi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, amma rabon da ya taka zauren nan tun kafin a yanke gero.

Baƙin nan Damagarawa ne, 'yan ci-rani daga Nijar. A da sai an gama kaka suke zuwa jefi-jefi. Bana damina ta yi musu gardama, suka taho da wuri, kuma da yawa. Ƙwadago a nan garin Balan yana da ƙa'idarsa tun kaka da kakanni: a shiga gona da safe, a tashi da azahar, mai gona ya kawo fura, ya biya ladan yini. Su kuwa baƙi jinga suke karɓa, gona sukutum, su duƙa tun asuba har faɗuwar rana, a kan abin da bai kai rabi ba. Alhaji Baffa, mai manyan gonakin nan na hanyar Ajingi, ya daina aikowa a kira 'yan gari. Ƙananan manoma suka bi sahunsa.

Barau gonarsa ba ta kai shi ko tsakiyar rani, da ƙwadago yake cike shekara, kuma shi 'yan ƙwadago suke sawa a gaba. Shi ya tara su a gindin tsamiya, suka rantse da Allah ɗaya bayan ɗaya cewa fartanyarsu ba za ta ƙara shiga gonar wanda ya ba baƙi aiki ko masauki ba. A duk Balan mutum ɗaya ne ya ba su masauki, shi ne Baba Kolo. Da aka yi masa magana ya ce mahaifinsa daga Borno ya zo da jaki da kanwa, wani ya buɗe masa zaure, don haka shi ba zai rufe nasa ba.

Barau ya miƙe zai fita, tsohon ya riƙo bakin rigarsa. Ya ce ruwa ya ɗauke, gyaɗarsa ta nuna, ƙasa kuma ta fara ɗaurewa. In ta gama ɗaurewa, ko an ja, ganye ne zai taho, 'ya'yan su tsinke a ciki. Bana bai samu ƙarfin yin gero ba, gyaɗar nan ita ce abin da Kellu za ta ci bayansa. Ɗansu ɗaya, Abdulsalam, yana Fatakwal yana tura kura, shi ma baƙon wasu ne, kafin ya tara na mota ƙasa ta zama dutse.

"Baba, ai ga baƙinka," in ji Barau. "Yini ɗaya za su gama ta."

"Sun nema, na hana su."

"Ka hana su? Saboda me?"

"Kai ne maƙwabcina, Barau, ba su ba. Kai nake so ka cire min."

Barau ya koma gida ransa a ɓace. Matarsa Hure tana tankaɗe a tsakar gida, ta kuma ji komai ta kan katanga. Ita jinin Fulani ce, tun tana amarya take wasa da tsohon, tana kiransa bawanta Babarbare. Ba ta ɗago kai ba ta ce ɗazu ta bi ta gonar, ta danna diddige a kunya, ta ga saman ya fara tsagewa. Ta ce in Malam ba zai je ba ya ara mata fartanya, ita ba ta rantse wa kowa ba.

Ya zauna a kan turmi ya daɗe yana juya abin. Talaka ba shi da tarakta, ba shi da cikakken rumbun da zai jira da shi. Abin da kawai ya haɗa kan mutanensa shi ne rantsuwar nan, in shi da ya kawo ta ya fara karyawa, gobe kowa zai tafi gonar Alhaji ya karɓi rabi. In kuma ya riƙe ta, tsohuwar da ta yi wa Hure wankan jego za ta shiga takaba babu ko mudu a ɗaki. Ya rasa ta inda mutum zai bi ya fita da hannu mai tsabta.

Bayan la'asar ya tsaya wajen Liman Muhammad Auwal. Liman ya ce rantsuwar da ta tare hanyar alheri karya ta ake yi, a yi kaffara: a ciyar da miskinai goma, kowane mai rantsuwa da nasa goman. Barau ya tambaya ko azumi zai wadatar. Liman ya ce azumi na wanda ba shi da abin ciyarwa ne, wanda ya zuba sabon gero a rumbu bai isa ya fake da shi ba. Kuma ba a ba iyalin gida. Barau ya ce to a wannan kaka, da kowa ke da ɗan abin sawa a baka, ina za a samo miskinai har haka? Liman ya juya ya dubi zauren Baba Kolo, inda baƙi suka sauka.

Da ya kai maganar gindin tsamiya, Kabo ne ya fara tashi, mutum mai zafin baki wanda bana ko rigar salla bai ɗinka wa 'ya'yansa ba. Ya ce wato waɗanda suka cire musu loma daga baki su ne za a tuƙa wa tuwo? Ya ce in haka ne a haɗa musu da matan aure ma. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Barau bai ja maganar ba. Ya ce shi dai gobe da safe yana gonar Baba Kolo, bai kira kowa ba, bai kuma hana kowa ba.

Da gari ya waye shi kaɗai ne a bakin gonar. Ya ja tushen farko, ya taho da kyar, rabin 'ya'yan sun rage a ƙasa. Ya durƙusa ya tono su da yatsu. Ta ɓangaren tudu ja ba zai yi ba ke nan, sai an bi da fartanya. Ya yi bisimilla ya kafta.

Bai kai ƙarshen kunyar ba ya ji kaftu a bayansa. Bai waiwaya ba. Can ya ji na biyu, ya ji na uku, ya ji wani yana tsokanar wani a kan riƙon ƙota. Kafin hantsi ya ɗaga gonar ta cika, Hure da matan unguwa suna bi a baya suna karkaɗe ƙasa suna jera tushen, saiwa sama, don rana ta buga. Kabo ne ya zo ƙarshe. Ya tsaya a kan iyaka ya ce shi ya zo ne ya ga fuskokin masu karya rantsuwa. Da fartanyarsa a kafaɗa ya zo kallon. Aka ce masa to ya matso kusa ya gani da kyau, ga kunyar tudu can ba mai ita.

Ranar aka yi azahar a gona, aka koma aka duƙa, abin da ba a taɓa yi wa mai kuɗi ba. Rana ta yi sanyi aka ɗaga tushen ƙarshe.

Barau ya shiga zaure da tushe ɗaya a hannu, 'ya'ya cunkus, ƙasa na zuba. Baba Kolo ya shafa su da yatsu, ya ɓare ɗaya ya shinshina. Sannan ya tambayi mutum nawa suka karya. Barau ya ce kusan kowa. Tsohon ya fara dariya, tari ya sarƙe shi, Iya Kellu ta tallafo kansa. Da ya samu numfashi ya dubi Isuhu, babban baƙin, wanda ya dawo aiki yana wanke ƙafa a bakin ƙofa.

"Isuhu, ku kife tukunyarku. Daga yau har ƙarshen kaka Kanawa ne za su ciyar da ku."

Haka kuwa aka yi. Liman ya raba abin gida-gida, aka fara da gidan Barau. Hure ta tuƙa tuwon gero da miyar kuɓewa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Da farko ba ka jin komai sai ƙarar kwano. Kanawa da Damagarawa abokan wasa ne, amma bana wasan ya mutu. Kabo ne ya kasa haƙuri, ya ce a bi a hankali, kwanon na aro ne, kada a haɗa da shi. Isuhu ya suɗe yatsa ya ce dama kakanninsu sun saba zuwa Kano karɓar haraji, ya ga dai har yanzu ana biya a kan lokaci. Aka kwashe da dariya har mata a cikin gida.

A nan ne Isuhu ya faɗa wa Barau abin da bai taɓa tsayawa ya ji ba. Ya ce su ma sun san rabi ake ba su. Amma mutumin da ya sauka daga mota da yunwar hanya, aka nuna masa gona da kwanon gari, ba ya ciniki. Duk abin da aka ce, to yake cewa.

Ana cikin makon wakilin Alhaji Baffa ya zo a kan babur, ya tsaya a ƙofar zaure ya ce ga jingar wake, kamar yadda aka saba. Isuhu ya fito yana sakace, cikinsa ɗauke da ɗanwaken gidan Kabo.

"Ranka ya daɗe, mu baƙi ne, ba mu san tsarin gari ba. Ga Barau nan, tambaye shi yadda ake yi. Yadda ya ce, haka za mu yi."

Wakili ya ce zai je kasuwar Ajingi ya kwaso wasu. Isuhu ya ce Allah ya kiyaye hanya, in ya samo su ya biyo da su ta nan, akwai sauran gidajen da ba su fita kaffara ba. Wake ba ya jiran fushin kowa, ya fara fashewa a gona. Ba a jima ba babur ɗin ya dawo, aka shiga gonar Alhaji 'yan gari da baƙi a jere, aka tashi da azahar, aka biya kowa ladan yini. Ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Da farashi ya zama ɗaya, ƙananan manoma suka koma kiran 'yan'uwansu, wasu daga cikin baƙin suka naɗe tabarmi suka nufi fadamun Haɗeja yankan shinkafa. Barau ya raka su bakin titi, ya dawo yana tunanin ko su ma nasara za su kira wannan.

Akwai abin da ya tsaya masa a rai, ya kuma ga lokaci na ƙurewa. Ya zauna kusa da kan tsohon, wanda yanzu ko kunu ba ya wucewa, ya ce ya gane dabarar da ta sa ya hana baƙi cire gyaɗar. Amma abincin Iya Kellu na shekara guda ya ɗora a kai. Da shi Barau bai je ba fa?

Baba Kolo ya buɗe ido da kyar. "Ai ka je."

Barau ya tashi ya fita. Har yau bai yanke wa kansa ko tsohon ya kyauta ba.

Ranar da gyaɗar ta sha rana aka ɗauko ta, amalanken shanu ya tsaya a ƙofar gida da hantsi. Hure ta leƙa zaure ta ce bawanta ya tashi ya sauke kaya, ya bar lalaci. Leɓensa ya motsa. Iya Kellu ta kai kunne, ta ɗago tana dariya hawaye na zuba, ta ce wai a ƙirga shanun, ya ga Bafulatana a kusa. Ana cikin shigar da kaya, Isuhu yana miƙo wa Kabo, Kabo yana miƙa wa na ciki, Liman, da aka aika aka kira, ya matso kusa da tsohon ya fara laƙƙana masa kalmar shahada. Kafin a sauke rabin amalanken ya cika.

Baƙin da suka rage su suka haƙa kabari, 'yan gari suka sara itace. A hanyar maƙabarta makara ba ta daɗe a kafaɗar kowa ba, ana ta karɓa.

Da Barau ya dawo ya shiga cikin gida ya yi wa Iya Kellu gaisuwa. Ya tarar mata sun cika rumfa, ita kuwa ta fito tsakar gida da mayafinta, inda aka baza gyaɗar daga bakin rijiya har gindin katanga. Inuwa ta fara cin gefe ɗaya. Ta sunkuya tana tura ta da tafin hannu zuwa inda sauran rana take, 'ya'yan suna ƙara a cikin ɓawo.